Dalilin da Ya Sa Batirin Sodiyam Ya Fi Son Kabon Mai Tauri

Batirin litiyam da ke cikin wayoyinmu yana ajiye cajinsa ne a cikin girafait, wato kabon da aka jera faifai bisa faifai cikin tsari, da tazarar nanomita 0.335 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) tsakanin kowane faifai da na kusa da shi. Idan ana caji, ayon ɗin litiyam, wato atom ɗinsa mai ɗauke da caji, yakan baro katod, wato ɗaya ɓangaren batirin, ya ratsa ruwan batir ya shige tsakanin faifan nan, har kowane atom shida na kabon su riƙe litiyam ɗaya, abin da ke ba da mAh 372 (ma'aunin yawan cajin da ake iya ajiyewa) a kowane giram. Sodiyam kuwa, duk da cewa danginsu ɗaya da litiyam kuma ya fi shi yawa da araha, da kyar yake shiga girafait, domin abin da ake samu bai wuce kimanin mAh 35 ba.

Bayanin da aka fi yaɗawa shi ne wai sodiyam ya yi girma da yawa. Gaskiya ne ya fi litiyam girma, nanomita 0.102 a kan 0.076, amma ni ban gamsu da wannan hujja ba, saboda potasiyam ya fi su duka girma kuma yana shiga girafait lafiya lau. Matsalar ita ce haɗuwar sodiyam da faifan girafait ba ta da ƙarfin da za ta rama ƙarfin da ake kashewa wajen buɗa su, don haka zaman ba ya ɗorewa.

Mafita ta zo daga kabon mai tauri. Tun a 1951 masaniyar kimiyya Rosalind Franklin ta bambance kabon da ke rikiɗewa zuwa girafait idan an gasa shi da wanda ba ya rikiɗewa ko da zafin ya kai digiri 3,000. Wannan na biyun, wato kabon mai tauri, ana samun sa daga sukari, itace ko ɓawon kwakwa, idan aka gasa su ba tare da iskar oksijin ba a zafin da ya haura digiri 1,000. A shekarar 2000, masu bincike Stevens da Dahn na Jami'ar Dalhousie a Kanada suka nuna cewa kabon da aka yi daga gulukos yana ɗaukar sodiyam kimanin mAh 300 a kowane giram, suka kuma kwatanta tsarinsa da katin karta da aka jingina wa juna barkatai: guntayen faifai masu faɗin tazara, da ƙananan ramuka a tsakaninsu.

Ajiyar tana faruwa a mataki biyu. Da farko ƙarfin lantarkin yana sauka a hankali, sannan ya tsaya kusan wuri ɗaya a ƙasa da bolt 0.1. Masana sun daɗe suna jayayya kan abin da ke faruwa a kowane mataki, amma mafi rinjaye a yau suna ganin sodiyam yana fara maƙalewa a gefuna da wuraren da faifan suka yi lahani, yana shiga tsakaninsu, daga baya ya taru cikin rufaffun ramukan a yanayi mai kama da ƙarfe. Ramuka rufaffu ne ake so, domin buɗaɗɗu suna barin ruwan batir ya shiga ya ruɓe, ya cinye wani kaso na sodiyam tun a cajin farko. Ƙara zafin gashi yana rufe ramukan, sai dai idan ya yi yawa yakan matse faifan.

Mataki na biyun shi ne ke ba batirin ƙarfinsa, shi ne kuma ke da haɗari, domin yana daf da bolt sifili inda sodiyam zai iya taruwa a matsayin ƙarfe a bayan anod, wato ɓangaren batirin da kabon yake, idan aka gaggauta caji. Duk da haka, kabon mai tauri kamfanin CATL na Sin ya yi amfani da shi a batirin sodiyam da ya bayyana a watan Yulin 2021, mai Wh 160 (ma'aunin yawan makamashin da batir ke ajiyewa) a kowane kilo.