Godiya Bayan Cikar Wa'adina A Majalisar Gudanarwa

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, ranar Alhamis da ta wuce na sa hannu a takardar zamana na ƙarshe, na sauka daga kujerar da ƴan kasuwar Yamai suka ɗora ni a majalisar gudanarwar hukumar da ke sa ido kan rigakafin gobara a kasuwanni da wuraren taruwar jama'a. Shekara uku cur.

Ranar da na fara shiga, ko karatun kasafin kuɗi ban iya ba. Mai sayar da atamfa ne ni, lissafina na ciniki ne da bashi. Don haka godiyata ta farko ga Malama sakatariyar majalisa take. Ita ta zaunar da ni ta ce, "Alhaji, kar jawabin buɗe taro ya ɗauke maka hankali, duba layin da aka zuba wa kuɗi." Kuma duk abin da muka faɗa tana rubuta shi yadda muka faɗa, ko da bai yi wa manya daɗi ba. Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuri'a.

Zaman kasafin bara ne ya fi ba mu wuya. An kawo mana buƙata biyu, kuɗin kuwa na ɗaya ne: ko a gyara ofis a sayi sababbin motocin shugabanni, ko a ƙara masu bincike da za su riƙa shiga kasuwa rumfa rumfa suna duba wayoyin lantarki da butalin gas da tukwanen kashe wuta. Ba zan ɓoye ba, ofishin yana yoyo da damina, masu neman gyaransa ba ƙarya suka yi ba. Amma ni ina yaro Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, na ga mahaifina ya dawo gida da makullin shago kawai a hannu, kuma sai 1987 aka sake buɗe ta. Na ga tokar Ƙaramar Kasuwa a 2012. Ban manta da watan Afrilun 2021 ba, lokacin da wuta ta tashi a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta ci yara wajen 20, ga na Maraɗi ya biyo baya a watan Nuwamba. Waɗannan na karanto wa majalisa, muryata na rawa. Tun hantsi muke abu guda har aka kira la'asar, sannan aka kaɗa ƙuri'a.

Ranka ya daɗe shugaban majalisa, kai kana ɓangaren gyaran ofis, kowa ya sani. Da ƙuri'a ta faɗi a ɗaya ɓangaren ba ka ɗage zaman ba, ba ka ce a koma a sake nazari ba, ka sa hannu nan take. Na sha zaman ƙungiyoyi, na san yadda ake binne magana da "sai zama na gaba". Na gode.

Ƴan kwana-kwana, ku ne kuka zagaya da mu kuka nuna mana hanyoyin da teburan ƴan tireda suka toshe, har motarku ba ta iya kutsawa. Kunya ta kama ni ranar, don wasu teburan na mutanena ne. Da na koma na faɗa musu, akwai wanda ya yi wata biyu ba ya amsa sallamata. Na yafe, ni ma a yafe mini inda harshena ya yi kaifi.

Uwargida Hajiya da yaran shago, kun riƙe ciniki ranakun da nake can, Allah Ya yi muku albarka.

Ga ƙanena da zai gaje ni: maganar buɗe hanyoyin cikin kasuwa da ta famfunan ɗiban ruwan kashe wuta ba mu gama su ba, takardun suna wurin Malama. Ka nemi a ba ka takardun zama tun kafin ranar taro, ka karanta su a gida. Sauran ƴan uwa kuma, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, a rubuta ta a ƙofar kowane shago.