Kofi ɗaya a kan teburin Madam

Na sauka Liyon, a ƙasar Faransa, a watan Nuwamba na 2017, cikin sanyin da ko yatsuna ba na ji. Ban yi mako guda ba na ga an manna takardu a ƙofar kowane gidan abinci, da daddare kuma mutane sun cika titi riƙe da kofuna. Maigidana ya ce bikin sabuwar giyar inabi ake yi, ta Beaujolais, wadda ake noma inabinta a tuddan arewa da gari, kuma duk shekara ranar Alhamis ta uku ga watan ake buɗe ta. Ya ce 'yan garin suna da wata magana, wai koguna uku ke shayar da Liyon: Rhône, Saône da Beaujolais. Ni da na tashi a Birnin Damagaram, inda mai sha ke jiran duhu ya raɓa ta bayan gari, sai ga dattawa masu furfura da matansu suna sha a sarari cikin natsuwa, ba mai tangaɗi, ba mai ashar. Abin ya tsaya mini a rai.

Wata bakwai na yi a ɗakinmu na Villeurbanne kafin takarduna su fito. Da suka fito sai na samu aikin kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, girki, sayayya, tuna musu lokacin magani. Gida na biyu da aka tura ni yana Croix-Rousse, tsohuwar unguwar masaƙan siliki, inda ɗakuna ke da dogon rufi saboda injinan saƙar da aka kafa a ciki a da. Mai gidan tsohuwa ce mai shekara 82, ita kaɗai a hawa na uku, ga ta da tsabta, ga kaifin baki.

Ranar farko na dafa mata miyar kabewa, na jera mata tebur. Ta nuna wata kwalba mai kaurin gindi a gefen taga ta ce, "'Yata, zuba mini kofina." Gabana ya faɗi, don aikin nan da ƙyar na same shi. Na ce, "Madam, ki yi mini gafara. Addinina bai bar ni in sha ba, bai kuma bar ni in zuba wa wani ba." Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta jawo kwalbar da kanta, hannunta na rawa, ta zuba rabin kofi. Ta ce, "To, kowa da nasa. Amma ki sani wannan ba shaye-shaye ba ne. Maganin zuciya ne." Haka muka shirya: ni da tukunya, ita da kwalba.

Daga baya ta ba ni labarin yarintarta, yadda ake zuba wa yara giyar inabi da aka sirka da ruwa a wurin cin abincin makaranta. Na ɗauka ruɗin tsufa ne, ashe gaskiya ce: sai a 1956 gwamnatin Faransa ta hana ba wa 'yan ƙasa da shekara 14, manyan 'yan sakandare kuwa sai 1981. Mutumin da ya tashi a haka, ta yaya za a ce masa abin nan cuta ne?

Kuma na yarda da maganarta a lokacin. Addinina bai girgiza ba, amma a zuciyata na ajiye cewa ƙila dai kaɗan ɗin yana da amfani ga jiki, mu dai an hana mu ne. Ga shaida a gabana kullum, tsohuwa tana hawan bene uku ba ta haki. Abokan aikina ma haka suke cewa duk ranar da aka yi walimar sallamar wani, ina riƙe da ruwan lemo suna tausaya mini.

Abin ya zo gida ne a 2022, lokacin da ɗan wana ya zo karatu. Yaro ne mai kunya, ni na goya shi. Wata Asabar ya zo cin tuwo, da ya sunkuya gaishe ni sai na ji warin. Na bari maigidana ya fita sallar isha'i, na tsare shi a kicin. Bai musa ba. Ya ce, "Gwaggo, wallahi ba buguwa nake ba. Kofi ɗaya ne in mun fita da 'yan ajinmu, saboda sanyi. Likitocinsu ma sun ce yana gyara jini." Na kawo masa aya, na kawo masa hadisi, ya sunkuyar da kai, don ya fi ni sanin su. Amma maganar jinin nan ba ni da amsarta, ni ma haka na ɗauka. Na kwana ina juyi.

Ba a yi wata biyu ba Madam ta faɗi a banɗaki bayan abincin rana. Allah ya taƙaita, ƙashi bai karye ba, sai goshi da ya fashe. Likitarta ta zo gida, ta zazzage jakar magunguna a kan tebur, ta ware na barci da na tsinka jini, sannan ta tambayi kofi nawa ake sha. Madam ta ce ɗaya, na zuciya. Likita ta ce da ita a hankali, jikin tsoho ba shi da ruwa kamar na yaro, don haka kofi ɗaya a shekara 87 ya fi kofi ɗaya a shekara 40 hawa kai, in ya haɗu da maganin barci kuma ƙafa ba ta da tabbas. Da za ta tafi na bi ta har matakala. Na ce, "Likita, don Allah, maganar zuciyar nan gaskiya ce?" Ta ajiye jakarta ta ba ni minti goma da ba zan manta ba, ta kuma rubuta mini inda zan karanta sauran.

Ashe labarin ma ɗan garin nan ne. Wani masanin Faransa, Serge Renaud, da ke bincike a nan Liyon, shi ya yayata cewa Faransawa suna cin man shanu da cuku amma ciwon zuciya bai kashe su kamar Amurkawa, ya danganta abin da jar giyar inabi. A 1991 wani gidan talabijin na Amurka ya yi hira da shi, kasuwar jar giya ta yi tashin gwauron zabi a can. Bincike da yawa kuma sun nuna kamar masu shan kaɗan sun fi waɗanda ba sa sha tsawon rai.

Inda gizo ke saƙar shi ne, su wane ne waɗanda ba sa sha ɗin? A ƙasa irin wannan, da yawansu tsofaffin mashaya ne da ciwo ya sa suka daina, ko marasa lafiyar da likita ya hana. In ka jera mai shan kofi ɗaya, wanda galibi yana da abin hannu, yana cin mai kyau, yana ganin likita a kan kari, kusa da wanda hanta ta riga ta kayar, dole na farkon ya fito kamar ya fi lafiya. A 2023 masana a Kanada suka tattara bincike 107 da suka shafi mutum sama da miliyan 4, suka gyara wannan karkata, sai amfanin tsawon ran ya dushe.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne cutar kansa, wato sankara. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan Liyon, na sha wuce ta a bas ban san me ake yi a ciki ba. Tun 1988 ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, rukuni ɗaya da taba. In barasa ta shiga jiki, hanta na mayar da ita wani sinadari da ke lalata ƙwayoyin halitta, kuma babu ruwan jiki da ko daga inabi mai tsada ta fito ko daga tukunyar burkutu. Baki, maƙogwaro, maƙoshi, hanyar abinci, hanta, babban hanji, da nonon mata, duk tana taɓawa. Kofi ɗaya a kullum yana ƙara wa mace haɗarin sankarar mama da kusan kashi 7 cikin 100. Cibiyar ta ƙiyasta cewa a 2020 sabbin masu kansa kusan 741,000 a duniya giya ce sila, sama da 100,000 daga cikinsu kuma masu shan da bai wuce kofi biyu a rana ba ne. A Janairun 2023 Hukumar ta fito ta ce babu wani ma'aunin sha da za a kira mara haɗari.

Ba na son in yi wa maƙwabtana ƙazafi. Kofi ɗaya ba ya kayar da mutum nan take, kuma haɗarinsa ga mutum ɗaya ƙarami ne. Babban binciken 2018 da ya duba ƙasashe 195 ya nuna cewa cikin mutum 100,000 da ba sa sha, 914 za su gamu da ɗaya daga cikin cututtuka ko raunukan da ake dangantawa da giya a shekara. Masu kofi ɗaya a rana 918, masu biyu 977. Tazarar farko kaɗan ce. Sai dai ba ta gangara ƙasa ba, sama ta hau, kuma kofi ɗaya ba kasafai yake tsayawa ɗaya ba. Ita kanta hukumar lafiyar Faransa tun 2017 cewa take kada a wuce kofi biyu a rana, kada a sha kullum, kada a wuce goma a mako. Kofin nasu kuma santilita 10 ne na giyar inabi, bai kai abin da na ga ana cikawa a gidaje ba. A lissafinta, giya na kashe mutum kusan 41,000 a shekara a ƙasar.

Madam ba ta daina ba, ban kuma nemi ta daina ba, ba hurumina ba ne. Ta mayar da shi ranar Lahadi kawai, in 'yarta ta zo. Sauran ranaku ina jiƙa mata zoɓon da nake saya a shagunan Guillotière, bayan na tambayi likita saboda maganin hawan jininta. A kofin nan dai take sha, tana cewa ya yi tsami.

Yaron kuwa, na kira shi na zaunar da shi, wannan karon ban ɗauko aya ba. Na ce masa ɗumin da yake ji yaudara ce: barasa na buɗe jijiyoyin fata, jini ya taso sama, mutum ya ji zafi alhali zafin cikinsa ne ke fita. Na ba shi labarin masu daina sha saboda ciwo. Sannan na faɗa masa abin da likita ta ja kunnena a kai da ta ji daga inda muka fito: ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, mutum na ɗauke da shi tun yana jariri bai sani ba, kuma hantar da ke fama da shi ba ta da sararin ɗaukar giya ko kaɗan. Na tuna masa kawunsa da cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, aka ce sammu ne.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gwaggo, ina ake gwajin?"

Tare muka je. Sakamako ya nuna yana ɗauke da ƙwayar, amma hantar lafiya lau tukuna. A bakin ƙofar asibitin ya riƙe takardar da hannu biyu, na ga leɓensa na rawa, na kama kafaɗarsa kamar lokacin da yake ƙarami. Ya kira babansa a daren, aka kai ƙannensa uku gwaji a Damagaram, aka yi wa biyun da ba su da ita allurar rigakafi. Shi kuma duk wata shida ake ɗibar jininsa a duba hantar. Na gaba a watan Maris ne, na riga na nemi hutun ranar a wurin aiki.