Abin da na koyo a kan tudun Ronchamp

Yanzu da takardar kammalawa ta shigo hannuna, zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa. Waɗanda muka yi karatun zanen gine-gine tare a Faransa sun san malamin da ya duba aikina, ba sai na kama suna ba.

Ƙaramin asibiti na zana don wani ƙauye a yankin Damagaram, da bangon ƙasa mai kauri da ƙananan tagogi can sama, saboda zafin bazara. A gaban 'yan aji ya ce kurkuku na zana, in je in sa manyan gilasai. Na ce masa, "Malam, ɗakin gilashi a can cikin watan Afrilu ai murhu ne." Bai saurara ba, ya zaftare mini maki.

Shi ɗin kuma shi ne ya jagorance mu zuwa Notre-Dame du Haut, majami'ar 'yan Katolika da shahararren mai zanen gine-gine Le Corbusier ya zana a kan tudun Bourlémont da ke garin Ronchamp, aka buɗe ta a 1955. Wadda ke wurin a da, ruwan bama-bamai ne ya rushe ta a 1944, kuma da duwatsunta aka cike wasu bangayen sabuwar. Ni Musulmi ne, na cire hula na shiga da ladabi, domin har yau ibada ake yi a ciki. Abin da na gani ya girgiza ni. Bangon kudu a gindinsa ya kusa mita 3 a kauri. Tagoginsa daga waje 'yan mitsi-mitsi ne, babu biyu masu girma ɗaya, amma ta ciki sai su buɗe baki, hasken ya bazu a hankali ba tare da ya soki ido ba. Rufin kankaren, wanda mai zanen ya ce ɓawon ƙaguwa ne ya ba shi siffarsa, bai zauna a kan bango ba. Ginshiƙai ne ɓoye a ciki suke ɗauke da shi, aka bar siririyar tazara tsakani, haske na ratsowa ta nan, har mutum ya rantse wannan uban nauyi a iska yake. Daɓen ma gangarowa yake yi zuwa bagadi, yana bin tudun. Ruwan sama kuwa indararo ɗaya ne a bangon yamma ke zubar da shi cikin kwatami.

Malamin namu ya dafa bangon kudun yana ta yabo, yana cewa mu dubi yadda kauri ke horar da haske. Da muka fito na tare shi, na ce, "Malam, ba wannan ne ka kira kurkuku a zanena ba?" Ya ce ni ba Le Corbusier ba ne.

Gaskiya ne, ni ba shi ba ne. Amma maginan Damagaram da na Kano sun san aikin bango mai kauri tun kafin a haife shi, kuma shi kansa sai da ya je M'zab a Aljeriya a 1931 ya zazzana gine-ginensu cikin littafinsa. A ranar na gane cewa ba zanena malamin ya duba ba, inda na fito ya duba. Makin bai gyara ba, ni ma ban faɗaɗa ko taga ɗaya ba.

Sauran darussan ƙanana ne. Hoto ba ya nuna kaurin bango, sai ka je ka sa hannu. A ajiye kowane zane da kwanan watansa. Duk wanda aka haɗa da wannan malamin bana, ya nemi mai dubawa na biyu a rubuce tun kafin a kai ga ba da maki.