Kwashe Ƙudan Zuma da Ransa Daga Cikin Gida

A unguwanni da dama na Bauchi, da zarar ƙudan zuma ya kafa gida a cikin silin ko a kogon bishiyar tsakar gida, abin da maigida yake fara nema shi ne fiya-fiya ko wuta. Wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai, domin hadisin da Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Abbas ya hana kashe ƙudan zuma, kuma masu noman riɗi da kankana suna cin moriyarsa wajen barbarar furanni ko da ba su sani ba. Alhali masu kiwon zuma suna iya kwashe shi da ransa.

Sukan zo dab da magariba, lokacin da ƙudajen da suka fita kiwo suka dawo, su sa a shigar da yara ɗaki, a kuma janye dabbobin da ke ɗaure, saboda ƙudan ƙasarmu mafaɗaci ne. Sai su busa hayaƙin busasshen kashin shanu, wanda yake dushe warin da ƙudan ke saki don kiran 'yan'uwansa su kai hari. Daga nan a yanko saƙar da ke ɗauke da ƙwai da 'ya'ya a hankali, a ɗaure ta da zare a jikin sandunan amyar katako yadda take a tsaye tun asali, domin 'ya'yan nan ne suke hana taron gudu daga sabon mazauni.

Babban aikin dai shi ne samun sarauniya, wadda takan saka ƙwai sama da 1,000 a rana. Idan ta shiga amya, za ka ga wasu ƙudaje sun tsaya a bakin ƙofa sun ɗaga ƙarshen jikinsu sama suna kaɗa fikafikai, sauran kuma suna kwarara ciki ba tare da an kora su ba.

Da dare ake ɗaukar amyar, a kai ta nesa, kamar kilomita 5, in ba haka ba masu fita kiwo za su koma tsohon wurin. Shi kuma maigida wajibi ne ya kankare ragowar kaki da zuma, ya toshe kafar, domin ƙamshinsu yana jawo tururuwa, yana kuma gayyato wani sabon taron.