Hular Idi: abin da na rubuta daga Rajab zuwa safiyar Salla

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon ɗinkin hula. Ga yadda hulata ta farko ta kasance, kamar yadda na riƙa rubutawa a bayan wani tsohon littafin lissafi na yara. Wadda ta riga ni nisa ta gyara mini inda na kauce, wadda kuma yanzu ta fara riƙe allura wataƙila ta tsira daga wasu kurakuran da na yi.

Rajab, makon farko

Na ɗaura niyyar bana ɗana na fari da hular da na ɗinka masa zai je Idi. Shekararsa tara. Na auna kansa da tef ɗin tela, inci 21. Gwaggon maigidan, wadda ita ke koya mini, ta ce in ƙara rabin inci, domin ɗinki yana cin yadi, wanki ma ya zo ya ci nasa. A cikin birnin Zariya take, wajen Ƙofar Kuyambana, kuma duk ranar Alhamis nake zuwa tunda yara ba su da Islamiyya.

Mai zane ya ba ni yanki biyu na farin yadi mai ninki: dogon da zai zama jikin hula, da mai da'ira da zai zama kai. Ni raina a kan cikakken zane irin na Zanna Bukar yake, wanda babu inda fari ke leƙowa. Gwaggo ta juya yadin ta ce, "Ke 'yar nan, da rarrafe yaro kan tashi. Ki karɓi mai fili tukuna." Na karɓi mai fili. Zare kala uku na saya: shuɗi mai duhu, ruwan toka, da ja kaɗan na ado.

Rajab, mako na uku

Layukan zanen ba su ba ni wahala ba, bin sawun biro ne kawai. Inda aikin yake shi ne waɗannan 'yan huji-hujin da ake kewayewa da zare, su ne ke cike hular. Ana huda yadin, sai a riƙa shigar da allura ta cikin hujin ana fitowa ta gefe, ana zagayawa har zaren ya rufe bakin gaba ɗaya. A faɗe abu ne mai sauƙi. A zaman farko na awa guda, 14 na yi, kuma babu biyu da suka yi kama da juna. Wani ya buɗe baki kamar na tulu, wani ya toshe.

Matsalata jan zare ce. Ina ganin in na ja da ƙarfi ɗinkin zai fi ƙarko, ashe tattare yadin nake yi. Da na shimfiɗa jikin hular a kan tabarma sai na ga gefe ɗaya ya tamuƙe, ya fi ɗayan gajarta da kusan faɗin yatsa. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Reza ta miƙo mini. Aikin kwana shida na warware a tsakar gidanta, tana tsefe wa jikanyarta kai tana ba ni labarin yadda a da ɗinkin hannu aikin maza ne, na malamai da ɗalibansu a zaure, su ke zama kan aska biyu da aska takwas na manyan riguna, kafin matan cikin birni su shigo su riƙe sana'ar a cikin ɗakunansu. Ta ce ita a ɓoye ta koya, daga hannun yayanta.

Abin da ta nuna mini ran nan: a ja zare har ya kwanta, da ya kwanta a tsaya. Kuma kada zaren da ke jikin allura ya wuce kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Mai tsawo yana sarƙewa, yana kuma yin gashi saboda yawan ratsa yadi, ƙyallinsa ya dushe tun kafin a kai ƙarshensa.

Sha'aban, farkon wata

Hunturu bai kyauta wa wannan sana'a ba. Yatsuna sun yi kaushi, zaren sai ya riƙa maƙalewa a fatar yana tsagewa. Na shafa man kaɗanya na ɗauki ɗinki, sai ga tabon maiƙo a farin yadi. Yanzu da daddare nake shafawa, da safe in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa aikin. Ƙura kuwa ba a magana. Duk lokacin da na tashi, ko da ɗauko Auta zan yi, sai na naɗe ɗinkin a cikin tsohon ɗankwali.

Na kuma daina ɗinkin dare. Da fitilar caji shuɗi mai duhu da baƙi duk ɗaya suke, ido kuma ya yi ta zafi. Lokacina yanzu daga ƙarfe takwas da rabi, bayan manyan sun tafi boko na gama shara da wanke-wanke, zuwa lokacin da Auta za ta farka daga barcin hantsi. Wata rana awa ɗaya, wata rana minti ashirin. Na kai huji 30 a awa.

'Yata ta biyu, mai shekara bakwai, ta matsa sai ta taya ni. Da farko korar ta nake yi, don tsoron kada ta ɓata mini. Daga baya na ga ba daidai ba ne, tunda ni ma a gefen wata nake zaune ina koyo. Na yanka mata ƙyalle, na zana mata fure da biro, na ba ta babbar allura da guntayen zaren da nake zubarwa. Ta ɗinka wa 'yar tsanarta zane da kallabi. Yanzu ita ke zura mini zare a allura, kuma ta fi ni saurin gani.

Sha'aban, tsakiyar wata

Wannan sai ku riƙe shi da kyau. Auta ta kifar da kofin ruwa a kan jikin hular, kuma kafin in ɗauke jan zaren nan ya zuba, ya bi farin yadin ya yi ruwan hoda. Na zauna na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, domin wurin da na fi ƙawatawa ne. Wanda ya sayar mini ya rantse ba ya zuba, amma ni ce ban gwada ba. Gwajin kuwa ba ya cin minti biyu: a yanki ɗan guntu, a jiƙa, a murza a farin ƙyalle. In ya bar launi, kada ya kusanci hularki. Gara da ruwan kofi ya tona shi yanzu da a ce sai a wurin masu wanki bayan an gama komai.

Na cire jan duka. Wata maƙwabciyarmu 'yar Bama, wadda tashin hankalin 2014 ya raba su da garinsu, ita ta ba ni shawarar in cike wurin tabon da shuɗi mai duhu maimakon in bar shi fili. Zanen ya canza, ya ma fi na da kyau.

Ina so in ɗan daɗe a kan matar nan. Na san tana ɗinkin hula, amma ban taɓa duba aikinta da idon mai koyo ba sai ran nan. Ta miƙo mini wadda ke hannunta, na juya cikinta kamar yadda Gwaggo ke yi wa tawa. Babu ƙulli ko ɗaya. Bakin zare take cusawa a ƙarƙashin ɗinkin da ya gabata, ya ɓace. Hujinta ƙanana ne ƙwarai, a jere kamar an auna da ma'auni, kuma tana yi tana hira, ɗanta na goye a baya. Da wannan allurar take biyan kuɗin haya da na makarantar yara. Da ta faɗa mini abin da dillali ke ba ta a kan hula guda, na raba shi da kwanakin da take ɗauka, sai jikina ya yi sanyi. Na tuna sau nawa na tsaya a kasuwa ina taya hular hannu da rabin kuɗinta, ina jin na iya ciniki. Sunan Bama ake kira a tsuga wa hula kuɗi, amma hannun da ya yi ta shi ke samun mafi ƙanƙanta. Na gaya wa maigidan, in zai sayi ta Salla ya saya kai tsaye daga wurinta, kuma yadda ta faɗa haka za a biya.

Azumi, goman marmari

An ɗauki azumi ranar Asabar, 1 ga Maris. Jikin hular ya rage kwata, kai kuwa ban taɓa ba. Hantsin da nake ɗinki ya tafi wajen surfen wake da jiƙa gero, yamma kuma ta kunun tsamiya ce da suyar ƙosai. Sai na koma bayan sallar asuba. In gari ya fara haske na fito tsakar gida, kowa ya koma barci, babu mai kira na. Ban taɓa samun natsuwar ɗinki irin ta wannan lokaci ba. Huji 45 a awa, kuma sun fara kama da juna.

Azumi ya kai goma

Tashe ya shigo, aikina ya tsaya kwana uku, ban kuma yi baƙin ciki ba. Mai hular da abokansa za su yi tsoho da gemu. Suka zo neman auduga, na farke musu gefen wani tsohon matashi, muka jiƙa ƙaro muka manna masa gemu da gashin baki. Babansa ya ba shi tsohuwar riga, muka cusa tsumma a baya ya zama doro, ga sanda. Gangar kuwa gwangwanin madara ne da takardar buhun siminti, an ɗaure da roba. Na nuna musu su ɗan jiƙa takardar kafin su ɗaure, in ta bushe sai ta ɗame ta yi amo. 'Yan matan su kuma sun ari ƙwaryata biyu, babba da ƙarama, su zuba ruwa a babbar su kife ƙaramar suna kaɗawa.

Sharaɗin da muka yi da iyayen unguwa shi ne gidajen da aka sani kawai, a dawo kafin ƙarfe goma, kuma da wani babba a bayansu. Wasu suna ganin gara a hana yara fita gaba ɗaya. Ni ban ga haka ba. Yaron da ya haɗa gangarsa da hannunsa, ya tsaya gaban manya ya yi wasa har suka yi dariya suka ba shi gero ko 'yan canji, ya samu abin da waya ba za ta ba shi ba. A raka su dai.

Goman wuya

Na gama jikin hula ranar 17 ga azumi. Kai ya fi shi wuya ta wata fuska, domin daga tsakiya ake farawa ana faɗaɗawa, kuma in jan zare ya bambanta sai da'irar ta kumbura kamar faifan da aka saƙa da gaggawa. Duk zagaye ɗaya sai na ɗora shi a kan tire in ga ko ya kwanta. Zafi ya fara, gumin hannu ya maye gurbin kaushi, sai na ajiye jiƙaƙƙen tawul a gefe.

Daren Salla

Lissafina a kan talatin na yi shi. Na ce ranar Lahadi zan haɗa kai da jiki, in kai wa masu wankin hula su sa mata sitaci su ɗora ta a kan itacensu ta bushe ta ɗauki siffa. Ranar Asabar da daddare, ina tsaka da suyar cincin, lalle na hannun 'yan matan bai ko bushe ba, sai ga sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi an ga wata. Azumi 29, gobe 30 ga Maris Salla.

Na sauke kasko na ɗauko ɗinki. Maƙwabciyata ta shigo da fitilarta, ta zauna ba tare da na roƙe ta ba. Ta nuna mini in ninka kai gida huɗu in sa alama, in ninka jiki gida huɗu shi ma, in haɗa alama da alama da ɗan ɗinkin riƙo kafin in bi zagayen, don kada in zo ƙarshe in tarar yadi ya yi saura a gefe guda. Ta so ta karɓa ta ƙarasa mini, na ce ta yi haƙuri, ta dai tsaya a kaina. Ƙarfe ɗaya da wani abu muka gama. Masu wanki ba sa samuwa a wannan lokaci, don haka na dama sitaci mai ruwa-ruwa na shafa, na kife hular a kan wata ƙaramar tukunya da ta yi daidai da kansa, na sa gaban fanka, da asuba na bi ta da dutsen guga ta cikin farin ƙyalle.

Safiyar Salla

Ta shiga kansa, da ɗan sarari kaɗan, rabin incin Gwaggo ke nan. Mahaɗin baya ya ɗan karkace, kuma hujin da na yi a Rajab sun fi na azumi girma, duk mai sana'a zai gane daga wane gefe na fara. Shi dai ya tsaya gaban madubi yana karya ta gefe kamar yadda babansa ke yi, suka kama hanyar Ƙofar Doka. Da suka biya gaisuwa cikin birni, an ce Gwaggo ta cire ta daga kansa, ta juya ciki ta daɗe tana dubawa, sannan ta aiko da saƙo: ƙulli ya yi yawa, in zo ranar Alhamis.

Bayan hidimar Salla zan kai ta wurin masu wanki a yi mata na gaske. Na riga na auna kan maigidan, inci 23, na kuma jiƙa sababbin zarurruka huɗu na murza a farin ƙyalle, uku sun tsira. Tsakaninmu da layya wata biyu ne da kwana goma.