Ƙwallon Ikpeba da takardar da ke cikin fayil ɗina

Jiya na miƙa makullin ɗakin labaran wasanni. Ina kwashe kayana sai ga takardar neman ba'asin nan ta shekarar 2000, har ta yi ja don daɗewa. Tsofaffin abokan aiki sun san zancen, yaran da na bari kuwa gara su ji daga bakina.

Ranar Lahadi ce, 13 ga Fabrairu, wasan ƙarshe na kofin nahiyar Afirka da Najeriya da Ghana suka karɓi baƙuncinsa. Mu da Kamaru a Legas. Maƙwabtan nan sun riga sun ƙwace mana kofi a 1984 da 1988, saboda haka daga Wunti har Yelwa a nan Bauchi kowa na manne da rediyo. Ni aka tsara zan tafi Legas. Ana saura kwana uku, shugaban sashenmu ya sauya sunana da na wani yaronsa, aka bar ni a situdiyo da ƙaramar talabijin da aka kashe wa murya, ina kallo ina bayani da Hausa.

Eto'o da Mboma suka ci mu biyu, Chukwu ya rama ɗaya, Okocha ya ɗirka ta biyu daga nesa. Aka je bugun fenariti. Mai tsaron gidansu ya tare ta Kanu. Ikpeba ya buga, ta daki ƙarfen sama, ta faɗo bayan layi. Da idona na gani. Na ce "Ta shiga!", na sunkuya ina sa alama a takarda. A wannan sunkuyon ne alƙalin wasa ya ce ba ci, Ikpeba ma ya ɗora hannu a ka. Ban ga ko ɗaya ba. Na ci gaba da lissafina, har Rigobert Song ya buga ta ƙarshe ina cewa huɗu da huɗu, alhali 'yan Kamaru sun ruga murna da ci 4 da 3. Mutanen gari suna jiran bugu na gaba a bakina, kofi kuwa ya tafi.

Washegari shugaban sashenmu ya kira ni gaban kowa, ya ce na yi wa jama'a ƙarya. Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba maimaicin, ƙwallo ta shiga." Ya ce ba kallo aka ɗauke ni ba. Wata shida ban taɓa makirfo ba. Duniya duk ta ga maimaicin nan, shi bai taɓa cewa uffan ba, takardar ma ba a cire ta ba.

Laifina na sani: na ɗauke ido kafin alƙali ya yanke. Tun ranar ban sake rubutu ana tsakiyar bugu ba, kuma duk yaron da ya zauna kusa da ni sai ya iya "bari mu ga hannun alƙali" kafin ya iya ihun ci. Amma kuskure daban, ƙarya daban, kuma wanda ya tura ka gona ba fartanya bai kamata ya fi kowa ɗaga murya ba.

Sauran darussan ƙanana ne. Ka riƙe kwafin duk jadawalin da aka sa sunanka. Kada ka tsawata wa na ƙasa da kai a gaban mutane.

Da Lookman ya ci Kamaru biyu a Abidjan a Janairun 2024, yarinyar da na horar ce a kan makirfo. Sau biyun sai da ta dakata alƙali ya nuna tsakiyar fili. Takardar na ninke ta, na taho da ita gida.