Na cire wa motata iska, na saka mata sifirin

Masu manyan motoci a nan Kano sun kasu biyu a kan zancen balan-balan, wato jakunkunan iskar da wasu motoci ke zaune a kansu maimakon sifirin. Akwai waɗanda da zarar mota ta iso daga Kwatano ko Legas, tun ba ta yi ko tari ba, sai su wuce da ita gareji a cire iskar a saka sifirin, wai rigakafi ya fi magani. Akwai kuma masu ganin duk wanda ya yi haka ya kashe mota, gara ma ya sayi Hilux ya huta. Ni ina ganin kowanne da hujjarsa, amma motata yau a kan ƙarfe take tsaye, kuma ga yadda aka yi.

Motar Land Rover ce ƙirar 2007, wadda a Amurka ake kira LR3, a Ingila kuma Discovery 3. Tawa ta Amurka ce, mai injin fetur V8, kujera bakwai. Nauyinta ya kai tan biyu da rabi ko babu kowa a ciki, kuma duk wannan nauyin a kan jakunkunan roba huɗu yake, ɗaya a kowace ƙafa, kowace a lulluɓe da shokazobarta. Kwamfaresa tana ƙarƙashin motar ta gefen hagu, gaban tayar baya, cikin wani murfin roba. Ita ke zuƙo iska, ta bi da ita ta cikin wani ɗan gwangwani mai ƙwayoyin tsotse laima, sannan ta tara a tanki. Daga tankin iskar ke bin siraran tiyo zuwa ƙafafu, ta hannun bawul-bawul da kwamfutar motar ke buɗewa da rufewa. Kowace ƙafa tana da ɗan hannu mai auna tsayi, shi ke gaya wa kwamfuta cewa nan ya yi ƙasa ko ya yi sama.

Ranar da duk waɗannan ke lafiya, babu abin da ya kai shi daɗi. Ina da gona wajen Kura, kuma da damina hanyar shiga takan zama wani abu daban. Sai in danna maɓalli, motar ta ɗago da kimanin santimita 5, in ratsa taɓo cikinta bai taɓa ƙasa ba. Ina hawa kwalta, gudu ya doshi kilomita 50 a awa, da kanta za ta koma tsayinta. In na loda buhunan taki a baya har ta zauna, kafin in zagayo in shiga ta miƙe daidai. Akwai ma wata dabara da aka yi mata: a mugun wuri takan haɗa iskar ƙafar dama da ta hagu, in ɗaya ta hau tudu sai iskar ta tura ɗayar ƙasa ta nemi abin takawa.

To amma roba roba ce. Jakar nan a naɗe take ta ƙasa, kullum mota na tafiya tana lanƙwashewa tana warwarewa a wuri guda. Bayan shekara goma sha wani abu, ga zafin Afrilu na Kano, ga ƙurar hunturu da ke shiga naɗin tana gurzar shi, dole ta fara tsattsagewa. Ba fashewa take yi lokaci ɗaya ba. Ƙananan tsaga ne da sai ka haska tocila ka gan su, iska na sulalewa kaɗan-kaɗan. Tawa ta gaba ta dama ce ta fara. In kwana in tashi, in tarar motar ta gurfana a tsakar gida kamar raƙumi, in tayar da ita, kwamfaresa ta yi ta gurnani har ta miƙe.

Wannan gurnanin shi ne inda asarar take, kuma mutane da yawa ba sa lura. Kwamfaresar an yi ta ne ta yi aiki na ɗan lokaci ta huta. In akwai yoyo ba ta samun hutu, sai ta yi zafi, zoben fistin ɗinta ya cinye, ƙwayoyin tsotse laimar su jiƙe su zama gari, garin ya bi tiyo ya toshe bawul. Abin da ya fara da jaka ɗaya sai ya zama jaka da kwamfaresa da bawul. Daga nan ne rubutu zai fito a gaban direba cewa kada ya wuce mil 30 a awa, motar ta zube a kan 'yan robobin da ke hana ƙarfe dukan ƙarfe, kowane ɗan rami ka ji shi har ƙashin baya. Ni a hanyar Zariya ta yi mini haka, da iyali a ciki, muka riƙa rarrafe a gefen titi tireloli na wuce mu da hon.

Kafin kowa ya ce zai cire iska, ina roƙonsa ya tabbatar iskar ce ke da laifi. Motocin nan in batir ya yi sanyi, ko ɗan makunnin fitilar birki da ke bayan feda ya lalace, sukan kunna fitilu barkatai har su sauke kansu ƙasa, alhali jakunkunan lafiya lau. Abin 'yan kuɗi kaɗan ne, amma na san wanda aka cire wa iskar mota gaba ɗaya a kan haka, fitilun kuma ba su mutu ba. Bakaniken da nake kai wa, wani dattijo ne da ya daɗe a kan motocin Ingila, ga yadda ya yi da tawa. Ya ɗaga ta zuwa tsayinta, ya auna kowace ƙafa daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, ya rubuta da alli a bango, sannan ya zare fis ɗin iskar ya ce in bar ta ta kwana. Dalilinsa shi ne, ko a kashe take, motar takan farka lokaci-lokaci ta daidaita kanta, ta sauke sauran ƙafafun su bi wadda ta yi ƙasa, sai ka zaci duka huɗun ke yoyo. Da safe ƙafa ɗaya ce ta faɗi. Ya kaɗa ruwan omo a gorar ruwa, ya huda murfin, ya fesa a naɗin jakar, sai ga kumfa na tasowa a jere.

"Alhaji, wannan dai ta gama," ya ce. "Sauran ukun kuma sa'anninta ne. In na canja maka ɗaya yau, kafin Sallah ka dawo."

Nan lissafi ya shigo. Gyara na gaskiya shi ne jaka huɗu sababbi, kwamfaresa, da wanke ko canja bawul, duka kuma da dala ake shigo da su. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake lissafi a kan ɗari huɗu da wani abu a banki ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin kayan nan ya zama wani yanki mai kauri na kuɗin motar kanta. Sai kayan Beljiyam, waɗanda za ka samu a Ƙofar Ruwa ko a aiko maka daga kasuwar Ladipo ta Legas. A wasu abubuwan Beljiyam ya fi sabon da ake kawowa yanzu, wannan kowa ya sani. Amma jakar iska ta Beljiyam, daga jikin wata motar mai shekarun tawa aka ciro ta, robarta ta tsufa daidai da wadda zan cire. Ban ga ribar ba.

Abin da ya ƙarasa yanke mini shawara ma ba kuɗin ba ne. Sifirin in ya gaji sai dai ya ɗan zauna, shokazoba in ta mutu sai dai mota ta riƙa rawa, amma za ka kai gida. Iska in ta tafi a ƙauye, ba mai na'urar da zai karanta kwamfutar, ba mai jakar, sai dai ka nemi motar ja. Kuma ga masu cewa an ci mutuncin mota: Range Rover ta farko da ta fito a 1970 a kan sifirin ta yi suna, sai a 1992 aka fara saka mata iska. Ita kanta Discovery 3, ƙaramin ajinta da aka sayar a wasu ƙasashe da sifirin ya fito daga kamfani. Wato gurbin yana nan a jikin motar, ba sai an yanka ko an yi walda ba.

Wannan maganar ta walda ina so a ji ta da kyau, don a nan ake ɓata motoci. Akwai masu samo sifirin na wata mota daban, a yanke shi da garanda, a ɗana a kan tsohuwar shokazoba, a ce an yi. Araha ba ta ado. Sifirin kowace mota an auna shi ne da nauyinta, na gaba daban na baya daban, na mai V8 ma ba lallai ya zo ɗaya da na mai dizal ba. In ya yi laushi, mota mai tsayi irin wannan za ta riƙa kwanciya a kwana har gabanka ya faɗi. In ya yi tauri ko ya yi tsawo, sai ya miƙar da hannuwan ƙafa fiye da kima, ya riƙa cin bushin, wato robobin da ke mahaɗar hannuwan, da shaf. Ni cikakken saiti na sa aka kawo, ƙafa huɗu, kowace da sifirin ɗinta a ɗaure a kan sabuwar shokazoba, wanda aka yi domin wannan motar. Kamfanoni irin su Arnott da Strutmasters a Amurka sun daɗe suna yin irinsu.

Ɗaurawar ba ta da wani wuya, yini ɗaya ce. An sace iskar da ta rage, an kwance tiyo, an fitar da tsofaffin, an zura sababbin. Na lura dattijon bai ƙarasa ɗaure manyan notocin ƙasa ba sai da ya sauke motar daga jak ta tsaya da nauyinta, ya ce in an ɗaure su ƙafa na reto, bushin zai zauna a murɗe ya yage da wuri. Inda aka ɓata lokaci wajen kwamfuta ne. Ita ba ta san an cire komai ba, za ta ci gaba da neman iska tana ƙara tana kunna fitila, har ta iya hana maɓallin zaɓen hanya aiki, wanda ake murɗawa zuwa yashi ko taɓo ko duwatsu. Saitin yakan zo da abin da ake gyara mata tunani da shi, kuma sai an sami mai wayarin da ya san abin ya zauna ya yi. Wasu baƙin salatif kawai suke liƙawa a kan fitilar. 'Yan hannuwan auna tsayi kuwa ya bar su a inda suke, don a motoci da yawa manyan fitilun gaba da su suke sanin inda za su haska. Washegari na kai ta alaimen, na sake komawa bayan sifirin ya gama zama.

Yanzu me ya canja? A kwalta mai kyau, in ba an gaya maka ba da wuya ka gane. A gargada ne bambancin ke fitowa: ƙananan duwatsu da tudun rage gudu da a da take haɗiyewa, yanzu ana jin su, kaɗan dai amma ana ji. A kwana ta fi tsayuwa yadda nake so. Lodi kuwa dole na rage, don in na cika bayan da buhu sai ta zauna ta ɗaga hanci, ba mai miƙar da ita, da dare kuma fitila ta riƙa shiga idon masu zuwa. Hanyar gona da damina akwai wuraren da yanzu sai na sauka na duba zurfinsu tukuna.

Wadda ta fi kowa jin canjin Hajiyarmu ce. Gwiwa ta dame ta, kuma a da in zan kai ta asibiti ko unguwa nakan sauke motar ƙasa ta shiga a hankali, hannunta ɗaya a ƙofa ɗaya a kafaɗata. Ranar farko bayan aikin ta tsaya tana jira a sauke. Da na yi mata bayani sai ta ce, "To kai da ka kai gyara, sai ka dawo da ita ba ta jin magana?" Yanzu akwai 'yar kujerar tsuguno da ba ta barin but, jikokinta ke rige-rigen ajiye mata.

Wani ƙanena ya so in saka irin shokazobar nan mai zare a jiki, wadda ake murɗa zobenta a ɗaga mota ko a sauke ta, wasu har da wurin ƙara tauri. Samari masu Mercedes da BMW na son su, don motar ta kwanta ta yi kyau a hoto, kuma a kan ƙaramar mota mai bin kwalta suna da amfaninsu. Amma yawancinsu an yi su ne don a sauke mota, ba su da doguwar tafiya sama da ƙasa, ga zaren in ya sha laka da ƙura ya kan cije har ya ƙi murɗuwa. Motar gona ba ta buƙatar wannan.

Da a ce Mercedes S-Class gare ni, irin wadda aka fara saka wa tsarin iska mai suna Airmatic tun 1998, kuma daga gida sai ofis a Abuja, da na ciji yatsa na gyara iskar, domin laushin nan shi ne abin da mutum ya biya kuɗi ya saya. Masu Lexus LX470 da Mercedes masu tsarin ABC kuma su lura nasu ba iska ba ce, mai ne ke ɗaga su, aikinsu daban ne, kada wani ya yi musu kuɗin goro.

Tsofaffin kayan ban zubar ba. Kwamfaresa da tanki suna nan a jikin motar, an toshe bakin tiyo don kada ƙasa ta shiga, jakunkuna ukun da ba su fashe ba kuma suna sito a cikin buhu. Duk ranar da zan sayar da ita zan gaya wa mai saye abin da aka yi, in yana son iskarsa ya mayar. Dillalai sun ce mini a Kano mai sifirin ta fi saurin fita, amma ba yanzu ba, akwai bushin na hannun gaba da ya fara ƙara, shi ne aikin wata mai zuwa.